Na Bar Telnet a Buɗe, Malam Habu Ya Rasa Ido

Daga admin: Wani ɗan'uwa daga Arlit ya turo wannan, ya roƙi a ɓoye sunansa. Na sa shi yadda ya rubuto, ban taɓa ko harafi ɗaya ba. A karanta har ƙarshe kafin a yi magana.

Assalamu alaikum ƴan'uwa, manya da ƙanana. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle, kuma abin ya fi ƙarfin in gaya wa wanda ya san fuskata. Sunayen da zan ambata duk na canza su, amma abin da ya faru ban canza komai a cikinsa ba, har da wanda bai yi mini daɗin faɗa ba.

Ni mutumin Damagaram ne, shekarata tara a Arlit. Aikin odinata, wato kwamfuta, na karanta, na fara zuwa ne da wani kamfani mai yi wa ma'adinai ƙananan ayyuka, da aikin ya ja baya aka sallame mu, sai wani Alhaji mai kamiyoyi ya ɗauke ni. Motocinsa suna bin hanyar Assamakka ta bakin iyaka su ɗauko taliya da dabino da madara da sauran kaya, wasu kuma su gangara Agadas. Aikina shi ne kula da odinatocin buro, wato ofis, da rezo, wato layin intanet, da wata tsohuwar sarba, babbar na'urar ajiye bayanai, da ke wani ɗan ɗaki a bayan garaji, wadda na tarar da ita tun zuwana. A cikin sarbar nan ake ajiye abin da muke kira furogiram, wato wace mota za ta tashi, wace rana, ƙarfe nawa, ta wace hanya, da abin da ta ɗauko. Duk wanda ya san hanyar nan ya san dalilin da ya sa ake ɓoye irin wannan, saboda masu tare hanya. Direba ma ba ya sanin hanyarsa sai da safen da zai tashi.

Mu uku ne muke da modefas, wato kalmar sirri, na shiga furogiram, Alhaji da ni da Malam Habu. Malam Habu Ba'adare ne daga wajen Tawa, dattijo, ya haura hamsin, shi ne yake tsara tafiyar motoci tun kafin in zo. Mutum ne mai faɗa a kan aiki, direbobi da yawa ba sa son shi don ba ya jin roƙo, in ya rubuta sunanka a tafiya to ya rubuta. Amma ni dai alheri na sani tsakanina da shi. Lokacin da na zo ban san kowa ba, a zaurensa na yi wata biyu, matarsa tana aiko mini da fura kullum, kuma shi ya tsaya a matsayin babba da aka kawo mini matata daga gida. Ƙanena yake ce mini.

Yanzu ga inda laifina ya fara. A sarbar nan akwai wani tsohon abu da ake kira telnet. Ga wanda bai sani ba, kamar ƙofar baya ce, kana zaune a wani gari ka shiga cikin na'urar ta rezo ka yi aiki kamar kana gabanta. Duk wanda ya karanci aikinmu ya san abin ya tsufa, tun muna makaranta ake ce mana a rufe shi a sa sabo. Ni na bar shi, saboda ba shi da nauyi, ko rezo ya yi rauni yana shiga, in na tafi konje, wato hutu, Damagaram kuma kuran, wutar lantarki ke nan, ya yanke ya dawo abu ya lalace, daga ɗakin mahaifiyata nake gyarawa, ba sai an kira ni na taso ba. Na sa modefas mai tsawo na ce ya isa. Akwai ranar da Alhaji ya tambaye ni, ya ce ya ji ana shiga na'urorin mutane daga nesa, tamu a kulle take? Na ce masa a kulle take gam, ko aljani ba zai shiga ba. Haka na faɗa masa da bakina, har da dariya.

Ina cikin wani gurup na abokan karatu masu irin aikina. Watanni kaɗan da suka wuce wani ya turo sanarwa a can, na ga kanta kawai, na ga kalmar telnet da kalmar gaggawa, a lokacin muna hidimar sunan ɗiyata, gida cike da baƙi, na ce anjima zan karanta. Saƙonni suka taru a kanta na manta. Wallahi da na tsaya minti biyu na karanta, da yau ba na rubuta muku wannan.

Bayan nan da kamar wata guda aka tare motarmu ta farko, da hantsi, a wani wuri da motoci ba su cika bi ba. Mutum huɗu a kan toyota, fuska a rufe, suka sauke direban suka karya masa hannu da gindin bindiga, suka kwashe abin da za su iya. Kowa ya ce tsautsayi ne, hanya ce. Amma direban ya faɗi wata magana da ta tsaya wa mutane a rai, ya ce ba su tambaye shi abin da ya ɗauko ba, kai tsaye suka nufi inda katon-katon na wayoyin hannu suke a ƙarƙashin buhunan dabino.

Sai tafiya ta biyu. Akwai wani direba Sani, ɗan Maradi, matarsa tana da tsohon ciki, ya roƙi Malam Habu ya cire shi daga tafiyar satin ya sa wani. Malam Habu ya ƙi, ya ce ba wanda zai maye gurbinsa, suka yi cacar baki a tsakar garaji kowa yana ji, har Sani ya ce in wani abu ya same shi a hanya to a wuyan Malam Habu yake. Saboda abin da ya faru a baya, Alhaji ya sa aka canza hanya da lokacin tashi ana gobe tafiya, Malam Habu ya shigar da canjin a furogiram da yamma. Duk da haka a sabuwar hanyar aka jira su. Sani ya ƙi tsayawa, ya taka mota, suka bi shi suka fasa tayoyi, suka jawo shi ƙasa suka harbe shi a ciki. Yaron motar da ke tare da shi ya ce Sani ya ɗauki fiye da awa yana kiran ruwa yana kiran sunan matarsa kafin ya cika.

Da azahar ta washegari aka shigo da gawar garaji a bayan wata mota, an lulluɓe shi da tamfal, jinin ya bushe ya yi baƙi a jikin rigarsa, ƙudaje sun biyo. Ƙanensa Lawali, wanda shi ma direbanmu ne, ya buɗe tamfal ɗin ya duba, bai yi kuka ba, ya dai tsaya yana kallo. Direbobi da makanikai sun fi talatin a wurin. Aka fara cewa akwai munafuki a cikin gida, tunda an canza hanya kuma an sani. Alhaji ya sa aka kira ni gaban kowa, ya ce in faɗa wa mutane su wa ke iya ganin furogiram. Na ce mu uku ne. Ya ce wa ya buɗe shi na ƙarshe kafin tafiya? Na shiga buro na duba a gaggauce, na duba rajistar furogiram ɗin kawai ban duba ta can cikin sarba ba, na fito na ce sunan Malam Habu ne na ƙarshe, ƙarfe biyar da ƴan mintoci na yamma. Gaskiya na faɗa, amma ai aikinsa ne ya buɗe, shi aka sa ya shigar da canjin, kuma na san haka, kuma ban ƙara wannan bayanin ba. Na ga idanun mutane, na san in ba shi ba to ni ne, sai na yi shiru a kan sunansa.

Ban gama rufe baki ba Lawali ya ɗauki ƙarfen kwance taya ya sauke wa Malam Habu a gefen fuska. Na ji ƙarar har cikin haƙorana. Ya faɗi, hularsa ta yi gefe, sai kowa ya rufa masa, mai bel na inji, mai sarƙa, mai takalmi. Yana ta cewa da irin Hausarsu, “Mi niy yi muku? Ku ji tsoron Allah, ban hwaɗa ma kowa ba!” Ba mai sauraro. Suka ja shi a ƙasa cikin baƙin mai har gindin motar Sani da aka jawo, wani ya ce hannun da ya rubuta sunan Sani a tafiya shi za a fara da shi, suka ɗora hannunsa na dama a bakin ƙofar kamiyo suka buga ƙofar, sau uku. Ihun da ya yi ban taɓa jin babban mutum ya yi irinsa ba. Alhaji ya shige buro ya ja ƙofa.

Ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, ko matata. Lawali ya juyo ya gan ni a tsaye a gefe, ya miƙo mini wayar kuran mai kauri da ke hannunsa, ya ce, “Kai ma ka san sirrin. In ba bakinku ɗaya ba, karɓi.” Na karɓa. Na zuba wa Malam Habu sau biyu a gadon baya, da ƙarfi, don a ga na yi. A na biyun ya ɗago kai, fuskarsa duk jini, ido ɗaya ya riga ya rufe, ya dube ni da ɗayan. 

Wanda ya cece shi wani tsohon direba ne, Baba Aghali, Buzu daga cikin duwatsun Abzin, ya shigo garajin a lokacin. Ya kutsa cikin mutane ya kwanta a kan Malam Habu ya rufe shi da jikinsa, sarƙa ta same shi a kafaɗa ta tsaga masa riga, rawaninsa ya warware, yana cewa duk mai son kisa ya fara da shi, gawa ɗaya tana kwance ba a binne ba za a ƙara wata. Kunyar tsohon ce ta sa aka ɗan ja baya, kafin nan jandarmomi suka iso.

A likita, wato asibiti, lokotoro ya ce idon hagu ya tafi, haƙora huɗu sun zube, yatsun dama kuma ko sun warke ba za su ƙara riƙe alƙalami ba. Jandarmomi suka yi ta yi masa tambayoyi a kan gado, suka duba wayarsa, ba su sami komai ba, suka bar shi ya koma gida. Amma gari ya riga ya yanke hukunci. Aka jefi gidansa da duwatsu har aka fasa wa matarsa goshi tana tsakar gida, aka zuba mai a ƙofar zaure aka kunna, maƙwabta suka kashe. Matar tana sayar da ƙosai a bakin titi, aka daina saye, wata ma ta kifar mata da kasko. A masallacin unguwarsu in ya tsaya a sahu sai na kusa da shi ya matsa. Matar Sani kuwa ta haihu kwana shida bayan jana'iza, namiji, aka mayar masa da sunan ubansa.

Ni kuma na ci gaba da zuwa aiki, ina gaya wa kaina wataƙila da gaske shi ne, ai mutum ba a iya masa. Da wannan nake samu in haɗiye abinci. Sai sati uku bayan abin, wani abokin karatuna da ke aiki a Yamai ya kira ni muna hira, yana tsokanata ya ce yana fata na rabu da tsohuwar budurwata, wato telnet, tunda asirinta ya tonu. Na ce wane asiri? Ya ce ba ka ga sanarwar da aka turo ba? Ashe an gano wani kuskure da ya shekara fiye da goma a ɓoye a cikin abin ba wanda ya lura, wanda ke sa mutum ya shiga ba tare da modefas ba kwata-kwata, kuma ya shiga a matsayin mai cikakken iko, ya ga komai ya kwafi komai. Kuma tun ranar da aka bayyana shi, yadda ake yi ya bazu a intanet, ba ya buƙatar wani ilimi mai zurfi, duk wanda ya iya karatu zai iya.

Na ajiye wayar. Na fita can bakin titi da ƴar odinatar hannuna, na haɗa ta da rezon wayata kamar baƙo, na gwada abin da aka bayyana. Ko ƙiftawar ido ba a yi ba na gan ni a cikin sarbarmu, ba ta tambaye ni komai ba. Na koma ɗan ɗakin na kulle kaina na buɗe rajistar can ciki, wadda ya kamata in duba ranar da aka tambaye ni. Ga shi nan a jere. Wani adireshi na waje da ban sani ba ya shiga kwana biyu kafin a tare motar farko, ya kwafi furogiram. Ya sake shiga ana gobe tafiyar Sani, bayan an shigar da canjin hanya. Abin da ya gama kashe mini jiki, ya ƙara shiga har sau biyu a kwanakin da Malam Habu yake kwance a likita hannunsa a naɗe, ko cokali ba ya iya ɗagawa. Ban san ko wane ne ba, ko a garin nan yake ko a wata ƙasa, ko shi ke tare hanyar ko sayar wa masu tarewa yake. Abin da na sani shi ne ta ƙofar da na bari ya shiga. Nan take na rufe telnet ɗin, aikin da bai ɗauke ni minti ɗaya ba, na kwafe rajistar a kile, wato ɗan abin ajiyar bayanai da ake soka wa odinata, na sa a aljihu.

Washegari na sami Alhaji shi kaɗai a buro na gaya masa duka. Ya saurare ni har na gama, ya tashi ya kulle ƙofa, ya wanka mini marin da sai da na bugu da kabad, ya shaƙe mini wuyan riga yana tuna mini ranar da na ce ko aljani ba zai shiga ba. Da ya huce ya zauna, ya ce in maganar nan ta fita, dangin Sani kansa za su dawo, masu ba shi kaya za su gudu, jandarmomi za su rufe garaji, mutum talatin su rasa abinci, ni kuma direbobi ba za su tsaya jin wani bayanin telnet ba, za su ce ni na sayar kuma na laƙa wa dattijo. Na ce to Malam Habu fa? Ya ce ido dai ya riga ya tafi, magana ba za ta dawo da shi ba, shi zai san yadda zai taimaka masa a ɓoye ya koma garinsu. Daga nan ya tasa ni gaba zuwa ɗan ɗakin, ya sa na ciro faifan sarbar, inda duk bayanan suke, da hannuna, ya ɗauki guduma ya farfasa shi a gabana. Ya ce in na buɗe baki, shi ne zai fara tsayawa a tsakar garaji ya ce ya gano ni ne. Bai san da kile ɗin ba.

Kwana biyu bayan nan na daure na je gidan Malam Habu da niyyar in faɗa masa. Ƙofar zauren duk ta yi baƙi da ƙuna. Matarsa ta leƙo da filasta a goshi, ta gan ni ta juya ba ta amsa sallama ba. Shi ne ya ce daga ciki, “Bar shi ya shigo, ƙanena na.” Na tarar da shi a kan tabarma ya rame, rabin fuskar a naɗe, maganarsa ba ta fita sosai saboda haƙoran. Na durƙusa na fara ba shi haƙuri a kan dukan, ya ɗaga hannun hagu ya tsayar da ni, ya ce ya sani tsoro ne, da ban karɓi wayar ba da mu biyu za a kwantar, wannan ya yafe tun a likita. Sai ya ce tunda Allah ya kawo ni, in taimaka in rubuta masa takarda zuwa ga Alhaji da dangin Sani, shi hannunsa ya mutu. Yana faɗa ina rubutawa, cewa shi bai ci amana ba, shekara ashirin yana aikin nan, bai san yadda aka yi maganar ta fita ba, a bincika don Allah, ba don shi ba, don ɗiyansa kada su tashi da wannan suna. Ina rubutu kile ɗin yana aljihun gaban rigata. Na gama, na karanta masa, ya sa mini albarka, na tashi na fito ban faɗa ba.

Abin bai tsaya nan ba. Lawali tun ranar jana'iza ya ce bai gama ba. Ranar Juma'ar da ta wuce Malam Habu ya fita kasuwa karo na farko, matarsa tana riƙe da shi za su sayi magani, Lawali ya fito daga bayan rumfar masu nama da wuƙa, ya kai masa sara a wuya. Allah ya sa matar ta ja shi, wuƙar ta sauka a kafaɗa ta tsaga har ƙashi, ita ma ta yanke ta a tafin hannu da ta tare. Mahauta suka danne Lawali yana ta ihu yana cewa ko shekara goma za a ɗaure shi in ya fito sai ya yanka shi. Ya kwana biyu a hannun jandarmomi, manyan ƴan Maradi na gari suka je suka yi roƙo, aka ce zafin rashi ne, aka sake shi da sharaɗi. Yanzu haka yana gari, kuma kowa ya san bai ajiye maganar ba.

Shekaranjiya Baba Aghali ya same ni ina zaune a inuwar wata mota, ya zauna kusa da ni ya ce, “Ɗana, na'uranka ya mutu, Alhaji ya ce zafi ya kashe shi. Ni na ga guduma. Kuma kai tun sati biyu ba ka kallon mutane a ido.” Na ce ba komai Baba, rashin lafiya ce. Ya ce to Allah ya ba da lafiya, amma in sani shi ya tsufa, kafaɗarsa har yanzu ba ta warke ba, ba zai iya kwanciya a kan mutum sau biyu ba.

Jiya kuma Lawali da kansa ya zo har gidana da rana, ya gaishe ni da mutunci, ya ɗauki ɗiyata ya yi mata wasa. Ya ce ranar Alhamis za a yi sadakar arba'in ta Sani, baffanninsu suna hanya daga Maradi, kuma sun ce ba za su yarda a ƙara taɓa kowa ba sai sun ji daga bakin wanda ya ga abin da idonsa. Saboda haka bayan addu'a za a zauna gaban liman da manyan gari, za a kawo Alƙur'ani, ni zan yi alwala in dafa in maimaita abin da na faɗa a garaji, cewa ba wanda zai iya ganin furogiram sai mu uku kuma Malam Habu ne na ƙarshe. Ya ce daga nan ya san abin da zai yi, kuma ba wanda zai ga laifinsa. Na ce masa to, Allah ya kai mu.

Bayan ya tafi na gaya wa matata maganar telnet da kile, dukan ne kawai na kasa faɗa mata. Ta yi kuka, ta ce mu tattara mu bi motar Agadas kafin Alhamis mu wuce gida, in na isa in turo wa jandarmomi abin ta waya. Da na ce in na gudu za a ce gudun mai laifi ne, kuma ba lalle a yarda da abin da na turo ba tunda asalin faifan an farfasa, sai ta ce to in zaɓa, ko ɗiyata ta tashi da uba mai abin kunya ko ta tashi ba uba, ita ta ga abin da aka yi wa mai shekara hamsin, ba ta ga abin da zai hana a yi mini ba. Tun jiya ba ta ƙara yi mini magana ba, kayanta dai na ga tana ɗaurewa.

To ƴan'uwa, ga inda nake. Rantsuwa a kan ƙarya da Alƙur'ani a hannuna ba zan iya ba, kuma na san in na yi, da bakina na yanka Malam Habu. In na ƙi zuwa, ƙin zuwan ma magana ce. In na tsaya a gaban taron na faɗi gaskiya, ban san ko zan kai ƙarshen bayanin ba kafin a rufa mini, mutanen da ba su san mene ne sarba ba ta yaya zan fahimtar da su cewa sakaci na yi ba sayarwa ba, ga Alhaji a zaune yana jiran ya ce ni ne. Shin in je wurin jandarmomi gobe da kile ɗin in miƙa kaina, ko da za su tsare ni, su kira Lawali su yi masa bayani? Ko in fara samun liman a keɓe tare da Baba Aghali, in sa matata da ɗiyata a mota tukuna? Ko in fara zuwa wurin Malam Habu, tunda shi ya fi kowa haƙƙin ya ji, ko da zai tsine mini? Masu ilimin addini a cikinku ku gaya mini, jinin Sani yana wuyana ne, kuma mene ne a kaina game da idon dattijon nan da hannunsa? Masu sanin shari'a ku gaya mini ko kwafin da ke kile zai karɓu a matsayin shaida. Wanda zai zage ni ya zaga, na cancanta, amma bayan zagin ya gaya mini ƙofar da zan fara ƙwanƙwasawa gobe da safe. Yau Talata ce, baffannin Sani sun riga sun wuce Tawa.